Kada Mu Sayar Da Fijon Baba A Kan Sikeli

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani ciniki da ake yi a lungunan garuruwanmu wanda ya kamata ya dame mu, amma ga alama ko a jikinmu. Za ka ga tsohuwar mota ta yi shekara da shekaru a ƙofar gida, tayoyinta sun sace, kaji sun mai da ita akurki. Ranar da mai gidan ya kwanta dama, kafin a gama rabon gado 'yan gwangwan sun iso da guduma da sikeli. Su sassare ta, su auna, su biya kuɗin kilo. Galibi motar nan Peugeot 504 ce, wadda iyayenmu ke kira Fijo, kuma galibi masu sayarwar mu ne, 'ya'yan da aka kai makaranta a cikinta.

Bari mu tuna wa juna abin da ake aunawa. An fito da 504 a Faransa a 1968, a shekarar da ta biyo aka zaɓe ta motar shekara ta Turai. A 1975 ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas, inda hanya ke karya mota kamar kara. A wannan shekarar ce kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage alfarma, manyan jami'ai suka koma shiga 504. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Watau hannun mutanenmu ne ya ɗaure notinta. Abubuwa nawa ne a gidajenmu yau za mu nuna mu faɗi haka a kansu?

Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya gāji irin wannan mota, in dai ƙashin jikinta bai ruɓe ba, ya gyara ta, kuma ya sa hannunsa a cikin gyaran. Ya fara da ƙafafu da kujeru. Inji yana bukatar bakanike da kayan awo, fentin jiki yana bukatar injin feshi da wuri mara ƙura. Amma wili da kujera aiki ne na tsakar gida, na jak da sifana da burushin waya da haƙuri. Bugu da ƙari, su biyun ne mutane suka fi yi wa ha'inci, domin su ne ido ke fara gani.

Mu ɗauki wili, watau ƙarfen da taya ke zama a kai. Na 504 inci 14 ne, mai noti huɗu, kuma tazarar ramukansa ta bambanta da ta yawancin motocin zamani. Nan ne ɓarna ke farawa. Saurayi ya ga wili mai ƙyalli a kasuwa, ya saya, ramuka su ƙi haɗuwa, sai a kai wa mai walda ya faɗaɗa su da wuta. Wannan ba gyara ba ne, haƙa kabari ne, domin ramin da aka faɗaɗa ba ya riƙe noti daidai, kuma wilin da bai zauna a tsakiya ba sai ya yi ta girgiza har ya cinye ƙusoshinsa. Wilin ƙarfe na asali ya fi mana amana. A ɗaga mota, a tokare ta da ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙarfi, kada a amince wa jak shi kaɗai ko da na minti ɗaya. A juya wilin da hannu, a riƙe alli kusa da bakinsa, inda allin ya taɓa nan ne ya lanƙwashe. Ƙaramar lanƙwasa a baki tana miƙuwa a hannun gwani. Wanda ya tsage kuwa, ko tsatsa ta ci shi har ya yi rami, a jefar da shi, kada a yi masa walda. Kuma kowane dalili ne, kada a kusantar da wuta ga wilin da taya ke kansa, zafi na iya fasa tayar ta hallaka mutum.

Sauran aikin na guiwa ne. Mai faci ya cire taya, a kankare tsatsa da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito fari, musamman cikin bakin da taya ke manne, domin ta nan iska ke sulalewa. A goge maiƙo, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bari ya bushe sosai, sa'an nan a bi da fenti siriri sau biyu ko uku. Kada a labta fenti a fuskar da ke haɗuwa da mota, ko a mazaunin noti, don in ya murƙushe noti zai yi sako-sako. Wajen ɗaurewa a bi noti a gicciye, kuma bayan 'yar tafiya a sake taɓa su.

Taya kuwa tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga lamba uku kacal, an yi ta kafin 2000, ta tashi daga taya ta koma abin shuka fulawa. Manyan masu ƙera taya da kansu suna ba da shawarar a sauke duk wadda ta kai shekara 10, ko da zanenta bai goge ba. Abin baƙin ciki, Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Ikeja ba da daɗewa ba bayan nan, ga kasuwa cike da tsofaffin tayoyin da wasu ƙasashe suka yar. A nan kam ba mu da wata dabara, sai a tara kuɗi a sayi sabuwa.

To, sai kujera. Da muka kwance ta gaba a motar mahaifin wani abokinmu, abin da muka tarar ya ba mu kunya. Sau uku aka yi mata sabuwar riga, kowace a kan ta baya, ta ƙarshe karammiski ce har da tuntaye. A ƙarƙashi kuwa soso ya zama gari, sifirin biyu sun karye an ɗaure su da igiyar roba, ƙarfen da kujerar ke gudu a kai ya tsage wajen noti. An yi shekaru ana zaune a kan kujerar da birki ɗaya mai ƙarfi zai iya tumɓukewa. Fankam fankam dai ba shi ne kilishi ba. Saboda haka daga ƙarfe ake farawa: a ɗauki hoto kafin a kwance komai, a tara noti a gwangwani, a kai tsagewar wajen mai walda, a wanke layin da kananzir a sa masa giris, a canja sifirin, a yanka sabon soso mai tauri daidai da siffar tsohon. Tsohuwar rigar asali kada a yar da ita ko ta yage, a farke ɗinkinta a hankali, ita ce ma'aunin da mai ɗinki zai bi. Bel ɗin da ya tsufa ko ya fara zare, a sake shi, ba a ɗinke shi.

A wajen riga muna da abin faɗa. Ƙasar da fatar jan akuyarta ta Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ƙasar da ke da majemu a Kano, ita ce 'ya'yanta ke rufe kujera da ledar da ke ƙona cinya a watan Afrilu. Ba mu ce kowa ya iya sayen fata ba, yadi mai kauri da ke shan iska ma ya isa. Amma mu je mu zauna da masu ɗinkin kujerun mota da dukawa, mu ga yadda ake jan riga ta zauna ba tattara. Mun lura da yawanmu, har da masu karatun injiniya, muna jin nauyin a gan mu a Fanteka ko Ƙofar Ruwa da baƙin mai a hannu. Mutum ya iya zana sifirin a takarda da lissafinsa, bai taɓa riƙe karyayye ba. Wanda bai shiga aji ba kuwa yana taɓa wili ya gaya maka ciwonsa.

Za a ce mana wannan son zuciya ne na masu hali, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mota mai shan mai irin wannan ba ta zuwa ofis kullum ba ce ga ƙaramin ma'aikaci. Ba ta da jakar iska, kuma ko an gyara ta yaya, ba za ta kare mutum a haɗari kamar motar zamani ba. Wanda ke neman kuɗin makaranta, ba za mu zarge shi ba in ya sayar. Roƙonmu gare shi ɗaya ne: ya sayar wa mai gyarawa, ko mai neman kayan gyara, kada ya sayar wa sikeli. Wili huɗu na asali da kujerun gaba masu lafiyar ƙarfe suna iya tayar da wata motar, kuma babu mai sake ƙera su a Kakuri.

Ta abokin namu ta ci mana hutu guda cur, da 'yan yatsu biyu da samfefa ta ɗaye. Injin har yanzu bai tashi ba, sai hutu mai zuwa. Amma ranar da muka mayar da kujerun muka sauke ta a kan ƙafafunta, mahaifiyarsa ta fito, ta buɗe ƙofar baya, ta zauna a gefen hagu inda ta saba zama, ta ce a bar ta tukuna.