MASU ZUWA INDIYA, INA TSARABARMU?

Jama'a, Indiya ba baƙuwarmu ba ce. Babur ɗin Boxer da ke kai mu kasuwar ƙauye nasu ne, da yawa cikin magungunan da muke saye a kemis nasu ne. Manyanmu kuwa, da ciwo ya taɓa su sai jirgin sama, sai asibitocin Delhi da Chennai. To, tun da sun je sun gani da idonsu, muna da magana da su.

Wanda ya shiga jirgin ƙasa a Delhi za shi Chennai, tafiyar fiye da kilomita 2,000 ke gabansa. Ya tashi cikin masu jin Hindi, ya sauka cikin masu jin Tamil. Ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 1,400, tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, ga Hindu ga Musulmi ga Kirista. Ba mu ce ba su da rigingimu ba, suna da su ƙwarai. Amma jiragen ƙasarsu na ɗaukar kimanin mutum miliyan 20 kowace rana, akasarinsu talakawa irinmu, kowa da ƙunshin hajarsa.

Wannan jirgin in ya wuce Agra sai ya ƙetare Kogin Chambal. Nan muke so manyanmu su leƙa ta taga. Kwazazzaban Chambal a da maɓoyar 'yan fashi ne masu satar mutane don kuɗin fansa. A 1960 wasunsu suka miƙa wuya ga Vinoba Bhave. A 1972 ɗaruruwa suka ajiye bindigoginsu a bainar jama'a ta hannun Jayaprakash Narayan. An yi musu alkawarin ba za a rataye su ba, amma an kai su gaban shari'a, sun yi zaman kurkuku. Duk da haka sai da aka ƙara shekaru da yawa kafin fashin ya mutu.

Mu fa? Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne kacal, amma shekaru muka yi ɗan kasuwa ba ya bin hanyar sai da rakiyar soja, ko kuwa ya yi wasiyya. Manomi ya bar gonarsa, an sayar da shanu an biya fansa. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da mutanen daji, aka sake buɗe kasuwar shanu. Mun gode wa Allah. Amma ba a bayyana wa talaka sharuɗɗan sulhun filla-filla ba, alhali shi ya yi hasarar rai da dukiya.

Saboda haka muke kira ga mahukunta. A karanta mana sharuɗɗan a fili ranar kasuwa. A karɓi bindigogi a gaban jama'a, a ƙirga. Wanda ya kashe ya gurfana gaban alƙali. A dubi gwauraye da marayu. A gyara hanya, a zuba likita da magani a asibitinmu, don kada mai naƙuda ta cika a mota.

An ce tafiya mabuɗin ilmi. Wanda ya je Indiya da kuɗin jama'a ya komo da ƙwayoyin maganinsa kaɗai, bai kawo mana tsaraba ba. Ranar zaɓe za mu tuna.