Siminti, Kwano Da Riƙon Amana

Matashin da ya kasa ƙusa da kwanon rufi a kasuwar Goronyo ko Wurno ko Rabah kada ya raina sana'arsa. Abdussamad Rabi'u ya kafa BUA a 1988 da fataucin shinkafa da ƙarfe, sannu a hankali har kamfanin siminti na Kalambaina da ke Sakkwato ya koma hannunsa. Gaskiya ne ɗan attajiri ne, to amma 'ya'yan attajirai nawa suka cinye gado suka dawo maula? Sirrin shi ne mai da riba cikin jari, da riƙon amana. Wanda ya tsiyaye buhun siminti ya ɗinke, magini ba zai dawo ba, ga kuma hisabi gobe ƙiyama. Allah Ya ciyar da 'yan uwa halal.