Kwafi shida, yanki guda: abin da katsewar Amazon ta tona

Ranar 20 ga Oktoban 2025, wata tangarɗa a cibiyoyin Amazon da ke arewacin jihar Virginia ta Amurka ta durƙusar da manhajoji irin su Snapchat na tsawon sa'o'i. Matsalar ta samo asali ne daga tsarin adireshin rumbun DynamoDB, amma ta tayar da hankalin duk wanda ya damƙa wa kamfanin ajiyar bayanansa.

A ɗauki Aurora, wani rumbun na Amazon mai jera bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, irin tsarin da ya dace da asusun kuɗi. A cikinsa an raba na'urar da ke sarrafa aiki da wadda ke ajiya. Duk sauyin da aka yi, ana aika bayaninsa wurare shida, biyu-biyu a cibiyoyi uku da ba su haɗa wutar lantarki ba. Sai huɗu sun amsa kafin a ce ciniki ya tabbata. Ko cibiya ɗaya ta ƙone ƙurmus, aiki ba ya tsayawa. Ko an ƙara rasa kwafi guda a kan haka, bayanan ba sa salwanta.

Sai dai duka shidan a yanki ɗaya suke, kuma nan ne gizo ke saƙa. In yankin ya samu cikas, bayanan za su iya kasancewa lafiya lau, mai su kuwa ya kasa isa gare su. Kwafi a wani yankin sai an nema, an kuma biya ƙarin kuɗi, sannan yana isa ne a ɗan makare, ta yadda cinikin daƙiƙar ƙarshe zai iya ɓacewa yayin sauya sheƙa.