Zari-Ruga: Najeriya Na Haifar Gwaraza, Amma Ba Ta Rubuta Sunayensu

A watan Satumba na 2024, Eben Etzebeth ya shiga fili domin karawa da Ajantina, kuma duk wanda ke kallo ya san cewa wasansa na 128 ke nan da rigar Afirka ta Kudu, ya zarce Victor Matfield da ya tsaya a 127. Babu wanda ya yi gardama, domin kowane wasa daga cikinsu yana rubuce da ranarsa da filinsa da abokan karawa. To a tambayi kowane mai bin wasanni a Kano: wane ne ya fi kowa buga wa Black Stallions wasa, wato ƙungiyar zari-ruga ta Najeriya? Wa ya fi ci mata maki? Wane ɗan Arewa ne ya fara sa rigarta? Tambayoyin ƙanana ne, amma babu cikakken kundi a bainar jama'a da zai amsa su. Wannan sakaci ne, kuma hukumar zari-ruga ta ƙasa da hukumomin wasanni na jihohi su ne ya kamata su amsa laifinsa.

Yadda wasu suka riƙe nasu

Tun wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda Sukotilan da Ingila suka buga a Edinbara a 1871, ake rubuta sunayen waɗanda suka shiga fili. Al'adar wasan ita ce a ba ɗan wasa hula ta musamman idan ya wakilci ƙasarsa, shi ya sa har yau ake ƙidaya wasannin mutum da huluna. Niyu Zilan ta ƙara da lamba: kowane ɗan All Blacks yana da tasa, daga James Allan, mai lamba 1 a 1884, zuwa yau da adadin ya wuce 1,200. Wanda ya buga sau ɗaya yana da gurbinsa a jeri guda da Sam Whitelock mai wasa 153 da Dan Carter mai maki 1,598. Alun Wyn Jones ya buga wa Wales wasa 158. Rory Underwood ya dire wa Ingila ƙwallo a bayan layi sau 49, kuma har yanzu babu namijin da ya kamo shi a can.

Abin takaicin shi ne akwai 'ya'yan Najeriya a cikin waɗannan kundaye, sai dai a shafin wasu. Victor Ubogu, haifaffen Legas, ya buga wa Ingila wasa 24. Steve Ojomoh, haifaffen Benin, ya buga 12. Adedayo Adebayo, haifaffen Ibadan, ya buga 6. Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, ya kuma jagoranci British and Irish Lions zuwa Ostareliya a shekarar. Ɗan Najeriyar da ya sa rigar Ingila ana iya bin sawunsa wasa bayan wasa. Ɗan'uwansa da ya tsaya gida ya sa rigar ƙasarsa, sai dai a nemi abokansa su ba da labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya shafi Ɗambatta

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan manomin Ɗambatta da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ruwansa shi ne ɗansa. Zari-ruga wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, minti 80 ana ture-ture da kaye da gudu, kuma ƙarfin ƙugu da kafaɗar da yake buƙata shi ne wanda matasan karkara ke nunawa a fagen kokawa bayan an kai amfanin gona gida. Wasan ba baƙo ba ne a jihar: ƙungiyar Barewa ta Kano ta daɗe tana horar da yara, kuma akwai masu buga shi a Kaduna da Zariya da Jos. Nau'insa na mutum bakwai-bakwai ya shiga gasar Olamfik tun 2016. Hanyar da za ta kai yaro daga ƙauyen Ɗambatta zuwa rigar ƙasa ba mafarki ba ce.

Amma a duba abin da ke jiransa idan ya isa. Ya bar gona a lokacin da ake buƙatar hannunsa, ya karya haƙarƙari ko ya goce kafaɗa, ya buga wa ƙasa wasa biyar ko goma. Bayan shekara goma ya nemi aikin horarwa a makaranta, ko gurbin karatu, ko izinin shiga wata ƙasa da wata ƙungiya ta gayyace shi. Za a ce ya kawo shaida. Ba shi da komai sai hoto a tsohuwar waya. Ɗan birnin da ke da kawu a ofis zai samo takarda mai hatimi ko bai taɓa shiga fili ba. Rashin kundi ba ya cutar da kowa daidai wa daida: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ɗan talaka ne ke rasa abin da ya sha wuya a kansa.

Kundin kuma shi ne maganin cututtuka biyu da suka addabi wasannin ƙasar nan. Na farko rage shekaru: yaron da aka rubuta ranar haihuwarsa tun gasar makarantu ba zai dawo da wata sabuwa ba bayan shekara biyar. Na biyu son kai wajen zaɓen 'yan wasa: idan an wallafa wa ya buga, wa ya ci, mai horarwar da ya ajiye gwani ya ɗauki ɗan abokinsa dole ya yi bayani.

Uzurorin da aka saba ji

Uzuri na farko shi ne kuɗi: a fara da fili da ƙwallaye tukuna. Gaskiya ne wasan na fama da talauci. Amma kowane wasan ƙasa da ƙasa yana da takardar sunayen 'yan wasa da ake miƙa wa jami'ai kafin a busa usur. Tattara waɗannan takardu a zuba su a kwamfuta bai kai kuɗin masaukin jami'i ɗaya a tafiya ɗaya ba. A kasuwar Ɗambatta ba a sayar da sa ba tare da shaidu ba, kuma dillali ba ya jiran kasafin kuɗi kafin ya riƙe lissafinsa.

Uzuri na biyu ya fi nauyi: alƙaluma na yaudara. Daisuke Ohata na Japan ya dire ƙwallo sau 69, Bryan Habana na Afirka ta Kudu 67, amma da yawa daga na Ohata a kan ƙasashe masu rauni ya ci su. Haka ne. Sai dai an iya gano hakan ne domin kundin ya faɗi wa aka kara da shi kuma yaushe. Mai rubutu yana iya gardama da hujja, marar rubutu sai dai ya rantse. Ko ƙwallon ƙafa, da duk gatanta, ta ɗanɗana wannan: a 2021 an yi bikin wasa na 100 na Ahmed Musa, sai lissafin FIFA ya nuna bai kai ba tukuna.

Uzuri na uku shi ne wai al'adar Bahaushe ta baka ce. Wannan ya fi kowanne rauni. Kano ce ke da jerin sarakunanta a rubuce tun daga Bagauda, da shekarun kowanne. A Ɗambatta an san jerin waɗanda suka riƙe sarautar Sarkin Bai. Ashe an iya rubutawa idan mai sunan na da rawani. Dambe ya nuna iyakar dogaro da baki: an san Shago da Ɗandunawa domin Ɗan Anace ya waƙe su, amma ɗaruruwan da suka yi zamani da su ba tare da makaɗi ba sun tafi da sunayensu. Zari-ruga kuwa ko makaɗin ba ta da shi.

Akwai gargaɗi ɗaya daga Afirka ta Kudu. Jerin Springboks ya fara a 1891, amma baƙar fata bai shiga cikinsa ba sai Errol Tobias a 1981, alhali baƙaƙe sun daɗe suna buga wasan a ƙungiyoyin da wariyar launin fata ta ware. Mai riƙe da alƙalami shi ke yanke wanda tarihi zai sani. Idan 'yan Arewa suka bar rubutun ga wasu, kada su yi mamaki in aka wayi gari tarihin wasan ya fara daga Legas ya ƙare a Landan.

Aikin a bayyane yake. Hukumar zari-ruga ta ƙasa ta wallafa jerin duk wanda ya taɓa wakiltar Najeriya, maza da mata, da lamba da garin haihuwa da wasannin kowa, ta buɗe ƙofar gyara ga mai hujja. Hukumar wasanni ta Kano ta yi haka ga gasannin makarantu da na ƙananan hukumomi, ta haɗa da dambe da kokawa. Sassan koyar da aikin jarida da tarihi na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su tura ɗalibai su ɗauki muryoyin tsofaffin 'yan wasa. Wannan na ƙarshe shi ya fi gaggawa, domin takarda tana iya jira a cikin kwali, amma shaidun da suka ga wasannin farko da idonsu tsufa suke yi.