A Yi Shela Kafin A Sa Shinge

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san aikin sankira. In Sarki ya ba da umarni, sankira yakan bi unguwa-unguwa, ya tsaya bakin kasuwa ranar da take ci, ya ɗaga murya ya ce Sarki ya gaishe ku, sa'an nan ya faɗi abin da aka aiko shi. Wanda ya karya doka bayan shela, laifinsa ne. Amma wanda aka kama tun ba a yi shela ba, kowa ya san an ƙware shi.

Hukumar Kwastan ta Nijeriya, watau hukumar da ke tsaron ƙofofin ƙasa, tana karɓar kuɗin fito, tana kuma hana fasa-ƙwauri, ita ma tana da nata sankirori. Ana kiransu jami'an hulɗa da jama'a, ko kuwa kakakin hukuma. Akwai babbansu a hedkwata can Abuja, akwai kuma na ofisoshin yankuna. A kan aikinsu muke so mu yi magana a wannan fitowa, gama mun lura cin abincin ƙungiyoyinmu da yawa yana rataye da shi, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa ganin kakaki ido da ido ba.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin aiki ne. Kafin kakaki ya buɗe baki, sai ya zauna ya tsara: mece ce maganar, su wa za su ji ta, da wane harshe, ta wace hanya, a wane lokaci, wace tambaya kuma za ta biyo baya. Daidai yake da yadda manomi ke lissafin iri da taki da ruwan shuka tun kafin damina ta faɗi. Mutumin da aka naɗa shugaban hukumar a 2023, Bashir Adewale Adeniyi, ya yi shekaru yana kakakinta kafin ya kai wannan matsayi. Ashe kujerar tana da nauyi, masu riƙe da ita kuma suna kusa da inda ake yanke shawara.

To, ga abin da ke damunmu. Sau da yawa doka takan riga shela zuwa ƙauye. Bari mu tuna wa juna.

A watan Afrilu 1984, lokacin canjin kuɗi, gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Dattawanmu ba su manta ba. A watan Oktoba 2015 aka yarda a shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa in an biya kuɗin fito, amma a watan Maris 2016 aka sake hanawa. Ran 20 ga Agusta 2019 aka wayi gari an rufe iyakoki, motoci ɗauke da kaya suka yi cirko-cirko a bakin shinge. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, alhali noman rani yana ƙaratowa, injin ban-ruwa kuwa ba ya shan ruwan rijiya. Sai a watan Disamba 2020 aka buɗe ƙofofi 4, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar arewa, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai watan Maris 2024.

Ba muna cewa duk waɗannan dokoki ba su da dalili ba ne. Cikinmu akwai masu noman shinkafa da suka ga kuɗi bayan rufewar 2019, gama shinkafar waje ta ragu a kasuwa, ta gida ta yi daraja. Akwai kuma masu albasa da tumatir da barkono waɗanda kayansu ba su san jira ba. Buhun masara ya iya kwana 10 a kan mota. Kwandon tumatir kuwa, kwana 3 ya ishe shi ya zama abin zubarwa. A ce ƙungiya ta tara kayan mutum 40, ta ci bashin kuɗin mota, ta kama hanya ba ta ji kome ba, sai a bakin iyaka ta tarar da labari. Hasarar nan ba a kan mutum ɗaya take faɗuwa ba. Kuɗin makarantar yara ne, da na taki, da amanar da 'yan ƙungiya suka ba shugabanninsu. Ƙungiyar da ta yi irin wannan faɗuwa sau biyu, da wuya ta sake tara mutane.

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500. Illela da Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Kamba da Gaya, kasuwanninsu tun kaka da kakanni suke cin juna. Yawancin masu saye da sayarwa a nan da Hausa suke ciniki, labari kuma ta rediyo da bakin mutane yake iso musu. In aka rubuta sanarwa da Turanci, aka karanta wa 'yan jarida a Abuja, aka sa a intanet, aka ce an gama, to manyan 'yan kasuwa masu wakilai a tashar jirgin ruwa ne suka ji. Mai buhu 5 a kan amalanke bai ji ba.

Rashin sani kuwa ya fi dare duhu, cikin duhun nan ne kuma macuta ke kiwo. Manomin da bai san abin da aka hana da abin da aka halatta ba, kowa ya iya tare shi a hanya ya ce ya yi laifi, shi kuma ya sa hannu a aljihu don tsoro. Dillali ya iya zuwa ƙauye ya ce gobe za a rufe iyaka, ya saye amfanin gona da araha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kakakin da ya fito fili ya faɗi doka dalla-dalla, ya faɗi nawa ake biya, ya ce a karɓi rasit, ya toshe wannan tsaga fiye da yadda ma'aikata 100 za su toshe ta.

Ga misali ɗaya da ya shafe mu ƙwarai. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda aka kafa a 1975, ta fara wani shiri a 1979 wanda ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na ƙasashenta. Manoma nawa ne a cikinmu aka taɓa zaunar da su aka bayyana musu wannan? Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar. Duk sakataren ƙungiyar gama kai da ke kusa da iyaka ya cancanci a ba shi amsa a rubuce, da Hausa, a kan abin da ya hau buhun wake ko albasa in zai ƙetare. Amsar nan aikin kakaki ce.

Magana kuma in ba a auna ta ba, takan yi ɓarna kamar rashinta. A watan Fabrairu 2024, lokacin da tsadar abinci ta tsananta, hukumar ta sanar za ta sayar wa jama'a shinkafar da ta kama, buhu mai kilo 25 a kan Naira 10,000. A Yaba, cikin Legas, jama'a suka yi dafifi fiye da kayan da ke akwai, aka yi turereniya, aka rasa rayuka, tilas aka dakatar da sayarwar. Niyyar ta alheri ce. Amma mai shela, kafin ya kira mutane cin abinci, wajibi ne ya leƙa tukunya ya ga ko za ta ishe su.

Lalle mu yi wa kakaki adalci. Ba shi ke yin doka ba. Harajin kaya daga Ma'aikatar Kuɗi yake fitowa, rufe iyaka kuwa shawarar Shugaban Ƙasa ce da masu ba shi shawara kan tsaro. Wani lokaci shi kansa da dare yake jin labari. Akwai kuma abin da ba a yi masa shela, gama in ka faɗa wa ɗan fasa-ƙwaurin makamai ranar da za ka tare shi, ka yi aikin banza. Mun yarda da wannan. Amma dokar masara da wake da man injin ban-ruwa ba asirin yaƙi ba ce. Mako 2 na gargaɗi ba zai rushe ƙasa ba, zai kuwa ceci kayan talakawa da yawa.

Sa'an nan kakaki na ƙwarai kunnuwa biyu gare shi, baki ɗaya. Kamar malamin gona yake, wanda ke kawo mana sabon iri, ya kuma koma ya faɗa wa manyansa cewa irin bai karɓi ƙasarmu ba. Mun ga alamar haka a farkon 2024. An yi ta tare motocin hatsi da ake zargin za a fitar waje, 'yan kasuwa da mutanen kan iyaka suka koka, a watan Maris kuma shugaban hukumar ya sanar a Jihar Katsina cewa an ba da umarni a mayar wa masu hatsi kayansu, bisa sharaɗin a cikin ƙasa za su sayar. Kuka ya kai inda ake ji. Abin da muke so shi ne hanyar nan ta zauna a buɗe kullum, kada sai an yi hasara tukuna.

Saboda haka ga roƙonmu ga masu wannan aiki. Ku fassara kowace sanarwa da ta shafi amfanin gona da Hausa, da Fulfulde da Kanuri inda ake jinsu. Ku sa a rediyo da yamma, sa'ad da manomi ya dawo gida. Ku zo kasuwa ranar da take ci, a Dawanau da Maigatari da Illela, ku tsaya a yi muku tambaya. Ku faɗi ranar da doka za ta fara aiki, da dalilinta. In an yi kuskure, ku amsa an yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda kuma ya ruɗi jama'a sau ɗaya, ko ya zo da gaskiya gobe ba za a saurare shi ba.

Mu ma muna da namu aikin. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai karatu, namiji ko mace, ya zama mai bin labarin iyaka da kasuwa, ya riƙa karanta wa jama'a a taron wata-wata. Kafin a loda mota, a aika a tambayi ofishin Kwastan mafi kusa, in ya yiwu a samo amsa a takarda. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit, a ajiye a littafin ƙungiya. In akwai kuka, ƙungiyoyi 5 ko 10 su haɗu su rubuta takarda ɗaya mai kwanan wata da sa hannu, gama ta fi gunaguni a gindin bishiya ƙarfi. Mu kuma tsare kanmu daga bin ɓarauniyar hanya, don wanda hannunsa ke da tsabta shi ke iya ɗaga murya.

Ga 'ya'yanmu da suka yi karatu kuwa, in dama ta samu ku shiga irin wannan aiki, ku shiga. Ana bukatar wanda ya san kwana nawa tumatir ke yi a kwando, ya kuma iya faɗin haka a gaban manya ba tare da tsoro ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, da kasuwa mai kyau.