An Yanke Waya An Kama Waya

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako, domin in yi magana a kan wani al'amari wanda ya shiga bakin mutane a Kano, watau sha'anin talabijin na biyan kuɗi wata-wata, wanda ake kira kebul. Waɗansu suna cewa kwanansa ya ƙare, wayar hannu ta binne shi. Waɗansu kuwa suna cewa tsada ce kawai ta kori mutane, ran da kuɗi suka samu za su komo. To, ga abin da ni na hango, in akwai mai ja sai ya rubuto mu ji.

Da farko sai mu san abin da ake nufi. Kebul asalinsa waya ce. A ƙasar Amurka aka fara shi a 1948, a garuruwan da ke bayan duwatsu inda hoto ba ya isa. Sai a kafa babbar eriya a kan tudu, a jawo waya daga gare ta zuwa gida-gida, kowane mai gida ya riƙa biya a wata. Mu a nan, abin da muke kira kebul yawanci faranti ne a kan rufi, wanda ake ce wa dish, ko kuwa eriya a kan sanda, da ɗan akwatin dikoda a ɗaki. Amma ƙa'idar ɗaya ce: in ka biya a buɗe maka, in wata ya ƙare a rufe. Turawa suna da magana a kan wanda ya daina biya ya koma kallo ta intanet, suna cewa ya yanke waya. A Hausa maganar ta zo da ban dariya, gama wanda ya yanke wayar bango, wayar hannu ya kama.

Wanda ya san tarihin Kano ba zai yi mamaki ba, domin an taɓa yanke waya a garin nan tun zamanin kakanninmu. A 1944 Gwamnati ta buɗe gidan rediyo mai waya a Kano. Daga tasha ake jawo waya zuwa gidan wanda ya nema, a rataya masa akwati a bango, yana biyan kuɗin haya. Akwatin nan ba ya da zaɓi, abin da tasha ta sako shi za ka ji, ko labarin London ko na gida. An kuma kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a domin wanda ba shi da halin biya. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yawaita, mutum yana iya ɗaukar ta zuwa gona ko kasuwa, ya murɗa ya kama sashen Hausa na BBC wanda aka fara a 1957, ko kuwa Rediyon Kaduna wadda ta fara a 1962, sai akwatin bango ya zama tarihi. Amma fa sauraron rediyo bai mutu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ashe mutane ba wayar suke so ba tun farko, abin da ke bi ta cikinta suke so. Wannan shi ne gindin maganata, sai a riƙe shi.

Talabijin kuwa ya zo Nijeriya a 1959 a Ibadan, ya iso Kaduna a 1962, sa'an nan a 1977 aka haɗa tashoshi ƙarƙashin NTA. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, Jihar Kano ta kafa tata tashar, CTV, ga ta nan a Hotoro a kan hanyar Maiduguri, bayan rasuwarsa a 2010 aka sa mata sunansa, ake kiran ta ARTV. Duk waɗannan kyauta ake kallon su, eriya kawai ake bukata. Sai a 1992 Gwamnati ta yi dokar da ta yarda wa 'yan kasuwa su buɗe tashoshi. Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya shigo a 1993, ya fito da DStv a 1995. StarTimes na ƙasar Sin ya zo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv kuma ya biyo baya a 2011, dukansu biyu da farashi mai sauƙi. Daga nan faranti da eriya suka cika rufin gidaje, tun daga manyan gidajen Nassarawa har lungunan Hotoro.

To, me ya faru? Babban tsarin DStv, wanda ake kira Premium, naira 24,500 ne a watan Mayu na 2023. A Nuwamba na shekarar ya koma 29,500, a Mayu na 2024 ya zama 37,000, a Maris na 2025 ya kai 44,500. A tuna kuwa mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Kamfanin yana da tasa hujja, cewa da dala yake sayen ƙwallo da finafinai, naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun daga Yuni na 2023. Mai gida shi ma yana da tasa, gama a Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, ga hatsi ya hau, ga kuɗin makaranta. Akwati kuma ba ya aiki sai da wuta, in babu sai a tada inji, inji kuwa mai yake sha. Wata yana tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Saboda haka lissafin kamfanin da kansa ya nuna ya rasa masu biya wajen miliyan 1.4 a Nijeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025. A Satumba na 2025 kuwa kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamar MultiChoice.

Masu cewa tsada ce kaɗai sun faɗi gaskiya, amma rabinta. A Amurka, inda ba a ɗauke wuta kamar namu, kamfanin Nielsen mai ƙidayar masu kallo ya ba da labari cewa a Mayu na 2025 kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin 100 na dukan kallon talabijin, ya zarce kebul da tashoshin eriya in an haɗa su. Dalili shi ne mutum ya ɗanɗani zaɓi. Da, tasha ce ke yanka masa lokaci, yanzu shi ke yanka wa kansa. Mu ma nan haka ne. Masu shirya wasan Hausa, waɗanda suka fara da kaset a 1990 da fim ɗin Turmin Danya, sun ga kasuwar faifai ta mutu a hannun masu satar fasaha, sai suka koma shiri mai dogon zango. Izzar So ya fito a YouTube a 2020, Labarina kuma a shekarar nan aka fara nuna shi a Arewa24 ana kuma sa shi a YouTube. Mace tana girki tana kallo, ɗan kasuwa a Kwari yana jiran mai saye yana kallo, Bahaushen Kumasi da na Jidda duk suna kallo a rana ɗaya. Wanda ya saba da wannan, ko kuɗi sun samu, da wuya ya koma zaman jiran ƙarfe takwas.

Amma masu cewa faranti ya mutu su ma sun yi gaggawa. Ga dalili, kuma ya kamata kowane mai gida ya gane shi. Tauraron ɗan'adam sau ɗaya yake watso hoto, ko mutum goma suka kama ko miliyan goma, aikinsa ɗaya ne. Intanet kuwa kowane mai kallo nasa hoton ake aiko masa shi kaɗai, kuma a kansa ake aunawa. Kamfanin Netflix, wanda ya iso Nijeriya a 2016, ya ce kallon awa ɗaya yana iya cin gigabait 1, in hoto mai kyau ne ƙwarai har 3. To, gidan da ake kallon awa 3 kullum, awa 90 ke nan a wata. In kuwa 'ya'ya huɗu ne kowa da wayarsa, sai a riɓanya. Ga shi a Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Mai biyan wata yana jin zafi sau ɗaya, yana kuwa sane da abin da ya fita. Mai sayen data yana biya kaɗan-kaɗan, yau ɗari biyar gobe dubu, ba ya rubutawa. Ni akawu ne, na san kuɗin da ba a rubuta su suka fi saurin tafiya. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Abu biyu nake gani za su riƙe faranti a kan rufi. Na ɗaya ƙwallo, domin ita ba a ajiye ta sai gobe, kuma jama'a ke kallon ta a lokaci guda. Tashar SuperSport ta daɗe tana riƙe da gasar Ingila, gidajen kallon ƙwallo kuwa na unguwanni sun riga sun warware lissafin: mutum ɗaya ya biya wata ya sayi mai, mutum hamsin su biya kuɗin shiga. Na biyu farantin kyauta. Mutanen Kano sun daɗe suna juya farantinsu wajen taurarin ƙasashen Larabawa suna kallon sallar Makka da Madina ba tare da biyan ko kwabo ba, Arewa24 ma da ta buɗe a 2014 kyauta ta zo wa mai faranti. Saboda haka abin da ke janyewa shi ne biyan wata domin tashoshi ɗari waɗanda biyar kawai ake kallo a ciki. Gidan gobe a Kano, a ganina, farantin kyauta ne a rufi, waya a hannu, ƙwallo a gidan kallo.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Tashoshinmu na gida su ne ke faɗa mana ranar da za a yi wa yara rigakafi, da ganin wata, da tafsirin azumi, da hawan salla, da abin da majalisar jiha ta zartar. Ba wani kamfani na ƙetare da zai yi mana wannan. In jama'a sun koma waya tashoshin nan ba su bi su ba, masu talla za su bi jama'a, tasha ta rasa kuɗin shiga, labarin gari kuma ya koma hannun wanda ya fi kowa saurin yaɗa ji-ta-ji-ta. Akwai kuma maganar tarbiyya. Akwatin falo kowa yana ganin abin da ke ciki, uba ya shigo a canja tasha. Wayar da ke ƙarƙashin bargo kuwa ba mai ganin ta sai mai ita.

Don haka ina da roƙo uku. Ga masu sayar da kallo, su sauko da ciniki daidai da aljihun mutane, a iya sayen yini ɗaya ko mako ɗaya ko ƙwallo kaɗai, kamar yadda ake awon hatsi da mudu ga wanda ba ya iya sayen buhu. Wanda ya fara wannan ya kyauta, saura su bi.

Ga hukumomin tashoshinmu, musamman maƙwabciyarmu ta Hotoro, su ɗauki waya a matsayin eriya ta biyu. Duk labarin da aka karanta da dare a same shi a intanet kafin gari ya waye, da hoto marar nauyi wanda ba zai cinye datar talaka ba. Sa'an nan su waiwayi ɗakunan ajiya. Kaset ba ya daɗewa, zafi da ƙura suna cin sa, injinan da ke karanta shi kuma sun zama abin nema. Wasanni irin su Samanja na Kaduna, da hirarrakin malamai da makaɗa da sarakuna waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, duk abin da ya rage a ciki a juye shi a kwamfuta tun da sauran dama, a sa shi inda jikokinmu za su same shi. Da tsohuwar zuma ake magani, dukiya ce kuma wadda baƙo ba shi da irinta.

Ga masu gida 'yan'uwana, kafin ka cire dikoda ɗauki takarda da alƙalami, ka rubuta abin da gidanka ke kashewa a data wata ɗaya cur, ka gwada da kuɗin wata da na mai, sa'an nan ka yanke shawara. Kowace hanya ka bi, ka bar wani lokaci wanda iyali za su zauna wuri ɗaya su kalli abu ɗaya, domin a nan ne uba ke jin abin da ɗansa ke tunani. Malaman makaranta kuma su riƙa tambayar yara abin da suka kalla, su koya musu rarrabe labari da ƙarya, gama wannan ma karatu ne.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Akwatin bango na 1944 ya tafi, amma gidajen rediyon da suka bi mutane zuwa gona da kasuwa suna nan har yau. Tashar da ta yi koyi da su za ta daɗe, wadda ta tsaya jiran mutane su komo falo kuwa za ta sha zama. Allah ya ba shugabanninmu basirar duba wannan al'amari, ya kuma sa wa 'ya'yanmu albarka, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Hotoro, Kano.