Tuwon Masara Ne, Ko An Kira Shi Polenta

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata cuta da ta shigo mana, kuma ba a likita ake maganinta ba. Yaro ya tashi a Bune ko Gure, da kunu da fura aka yaye shi, ya samu jarrabawa ya tafi jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko ta André Salifou a Damagaram. Wata uku bai cika ba sai ka ga hotonsa a Facebook: ga shi zaune a gidan abincin 'yan Italiya, cokali mai yatsu a hannu, faranti a gaba, ya rubuta wai ya shiga duniya. In ya dawo hutu aka ajiye masa tuwon hatsi da miyar kuka, sai ya yamutsa fuska, wai yana yi masa nauyi a ciki. Haba malam! Cikin da ya shekara ashirin yana ɗaukar tuwo, yaushe ya zama na Bature?

Ku fahimce ni tun yanzu. Ban ce kada kowa ya ci abincin Italiya ba. Halal ne in an dafa shi da halal, kuma mai kuɗi ya san inda zai kai kuɗinsa. A Agadas da Yamai akwai Le Pilier, gidan abincin Italiya da ya daɗe yana aiki, ba wanda ya ce a rufe shi. Mu kanmu taliya ta daɗe a tukwanenmu, da mai da yaji muke cinta tun muna lakwal. Rigimata da raini ce, rainin da ake ɗaukowa daga can a kawo gida kamar tsaraba.

Ni ma na taɓa zuwa irin wannan wuri, wani ɗan uwana ya kai ni, a wata unguwar masu hali can gefen Yamai. Katanga, mai gadi, fitilu a jikin itace, shiru kamar ba kowa. Aka miƙo takardar abinci, na ga wani suna wai "polenta", na ce a kawo. Da ya iso na sa cokali, wallahi tuwon masara ne. Tuwon masara sak, an yanka shi gida huɗu an zuba miyar tumatir da ɗan cuku a kai. Kuɗin farantin nan, in aka kai shi kasuwar Bune, sai an auno tiyoyin hatsi da za su ciyar da gida kwanaki.

To ga abin da masu hoton ba su sani ba. Polenta abincin talakawan arewacin Italiya ne. Manoma sun ci shi safe da dare, ba nama ba miya, har wata cutar fata da ake kira pelagra ta addabe su saboda rashin sauyin abinci. Piza kuma a titunan birnin Napoli ta taso, abincin 'yan dako da masu ƙaramin ƙarfi, gurasa ce da ɗan abin shafawa a kai. Tumatir ɗin da suke taƙama da shi ma ba nasu ba ne, daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16. Talauci ya kori 'yan Italiya sama da miliyan 4 zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1924. Sun tafi kamar yadda samarinmu ke tafiya cin rani Libiya da Najeriya. Bambancin kawai, su da suka tafi ba su ɓoye abincin iyayensu mata ba. Sun buɗe shago sun rubuta sunansa a ƙofa, har duniya ta koyi faɗarsa.

Kuma har yau suna tsaron abinsu kamar gonar gado. A 1986, da McDonald's ya buɗe a tsakiyar birnin Roma, wani ɗan jarida mai suna Carlo Petrini da abokansa suka tashi tsaye, daga nan aka haifi ƙungiyar Slow Food mai kare abincin gargajiya. Cukunsu na Parmigiano Reggiano doka ta hana a laƙa sunansa ga wanda ba a yankinsa aka yi ba. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu yin piza na Napoli cikin kayan gadon duniya. Ka ji mutanen da suka san darajar tukunyar kakarsu. Mu kuma mun je gidansu mun ci, mun biya, mun fito da darasin a juye: maimakon mu koyi girmama namu, sai muka koyi jin kunyarsa.

Me muka rasa? Muna da cuku, wanda matan Fulani da na Buzaye ke shanyawa. Muna da kilishi da ake tsaraba da shi har ƙasashen waje, da albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Kodebuwa. A nan ƙasar Manga muna da burabusko, ga dabino da rogo da rake a kwarurrukanmu, ga kanwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 ta zama shekarar gero, saboda yana jure fari kuma yana gina jiki. Duniya na yaba hatsinmu, mu 'yan boko muna toshe hanci.

Maganar ba ta tsaya ga ɗanɗano ba, ta kai ga aljihu. Taliyar kanti da fulawa daga waje ake shigo da su, kowace jika da ka kashe a kansu ta kama hanyar ƙetare. Jikar da ka ba mai fura ko mai dambu kuwa, a unguwa za ta kwana, ta sayi littafin wani yaro. In masu ilimin gari suka juya wa hatsi baya, wa zai tsaya wa manomin da rairayi ke cinye gonarsa a Bune?

Na san abin da za ku ce. Za ku ce can akwai tsabta, akwai kujera, ba ƙuda, ana yi maka magana da ladabi. Gaskiya ne, kuma wannan ɗin kuke biya, ba masarar ba. To shi ya kamata mu kwaso! Tsabta ba 'yar Italiya ba ce. Me zai hana a Gure ko Damagaram a samu wuri mai shara da inuwa da ruwan wanke hannu, inda za a kawo maka burabusko da miyar kuɓewa a faranti mai kyau, ka kai baƙonka ba tare da sunkuyar da kai ba? Cikinmu akwai masu karatun noma da na kasuwanci, ga aiki nan yana jiran su.

Mu kuma masu alƙalami, ga namu. A hutun nan kowa ya zauna gaban kakarsa da takarda, ya rubuta yadda ake abinci guda ɗaya, da sunansa, da abin da ake sawa, da lokacin da ake cinsa. Mu haɗa su a fitowa ta gaba. Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke kansu babu shi a intanet. In muka yi sake, wata rana wani zai zo ya rubuta shi, ya sa masa sabon suna, jikokinmu su yi layi su saya.